Likita Baikie, Mai Kwinin

Ruwan da ya ke zuba a gonakinmu na ƙasar Danko da Zuru ba ya kwana nan. Ko ta Gulbin Ka, ko ta waɗansu rafuka, ƙarshensa dai Kwara ne. Daga nan ya gangara ta Jebba, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya rarrabu ya shiga teku. Ta wannan hanyar ruwa ce masu bishara na fari suka hauro zuwa ƙasashenmu na arewa. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutum wanda Allah ya yi aiki da shi domin hanyan nan ta biyu gare su. Sunansa William Balfour Baikie, ana faɗinsa Beki. Shi ba fasto ba ne, ba kuwa wata mishan ce ta aiko shi ba. Likita ne na sojan ruwa na Ingila. Amma duk mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kamata ya san sunansa.

Kogin da ya ci mutane

Tun kaka da kakanni Nufawa da Kakanda da Yawurawa suna tuƙi a bisa Kwara, fataken Hausa kuwa suna haye ta zuwa Gwanja garin sayen goro. A gare su kogin ba abin ɓoye ba ne. Turawa ne ba su san inda ya nufa ba, suka kuwa sha wuya ƙwarai garin nema. Mungo Park ya mutu cikin ruwa a Busa, kudu da Yawuri, a shekara ta 1806. Tsohon garin Busa ɗin nan ruwan Kainji ya rufe shi tun 1968. Clapperton ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. Sai a 1830 baransa Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Yawuri, suka shiga kwalekwale, suka bi ruwa har teku. Sa'an nan ne Turai ta san bakin Kwara.

Sanin hanya dabam, bin ta dabam. A 1832 wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya kawo jiragen ruwa biyu masu hayaƙi. Ɗaya ya sa masa suna Kwara, ɗayan kuwa Albarka, kalmar da ya ara daga bakinmu. Turawa 48 suka shiga kogin, 9 kaɗai suka koma gida. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage 3, da nufin a kashe cinikin bayi ta wurin halattaccen ciniki da noma da bishara. Cikinsu akwai Turawa 145. Kafin 'yan watanni fiye da 40 sun mutu, gonar gwaji da suka buɗe a Lakwaja kuwa aka watsar da ita. Ba mashi ya kashe su ba, ba kibiya ba, zazzaɓi ne. Mutanen Ingila suka yi ta ba'a, suna kiran ƙasashen nan kabarin Bature, da yawa suka ce kada a ƙara aika kowa.

A zamanin nan ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar. Likitocin Turai suna tsammani muguwar iska ce da ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen ganye. Idan mutum ya kwanta, sai su tsaga jijiyarsa su tsiyaye masa jini, su ɗura masa maganin zawo mai ƙarfi. Mutumin da zazzaɓi ya riga ya shanye masa jini, ina amfanin a ƙara zub da sauran? Kada fa mu yi musu dariya. Mu ma iyayenmu sun ɗora laifin zazzaɓin damina a kan sabuwar masara, ko iska, ko maye.

Ɓawon itace daga Peru

Maganin kuwa yana nan tun tuni. A duwatsun ƙasar Peru, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani itace da a ke kira sinkona, ɓawonsa ya fi maɗaci ɗaci. Mutanen ƙasar ne suka fara sanin itacen. Wajen shekara ta 1630 da 'yan kai limaman Katolika suka fara kai garin ɓawon Turai, ana sha domin zazzaɓi. A 1820 waɗansu masana biyu a birnin Paris na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon, suka fitar da ainihin abin da ke warkarwa. Shi ne kwinin.

Amma yawancin likitoci ba su ba da shi sai ciwo ya riga ya kayar da mutum, sau da yawa kuwa a makare. Wani likitan sojan ruwa mai suna Alexander Bryson ya zauna ya bi littattafan jiragen da suka yi aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, yana ƙidaya wa ya sha, wa bai sha ba, wa ya mutu, wa ya rayu. A 1847 ya ba da shawara a riƙa shan maganin tun mutum yana da lafiya, kowace rana, har bayan an bar wurin cutar. Shawara kuwa ba ta warkar da kowa sai an sami mai bin ta.

Ɗan tsibiri

An haifi Baikie a shekara ta 1825 a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney, can arewacin Sikotlan, ƙasar sanyi da iska, inda itatuwa ma ba su da yawa. Ubansa hafsan sojan ruwa ne. Tun yana yaro ya ke son duban tsuntsaye da kifaye da tsire-tsire, yana rubuta abin da ya gani. Ya koyi aikin likita a Edinbara, ya shiga sojan ruwa a 1848, daga baya aka sa shi aiki a babban asibitinsu na Haslar.

A lokacin nan labari ya iso Ingila daga Heinrich Barth, Bajamushen nan wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. A 1851 ya haye wani babban kogi kusa da Yola, ana ce da shi Binuwai, ya kuwa yi zaton shi ne ke gamuwa da Kwara a Lakwaja. Gwamnati ta so a tabbata, a kuma nemi Barth kansa, gama an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Laird, wanda bai karai ba duk da hasarar da ya yi, ya gina wani sabon jirgi, aka sa masa suna Pleiad, watau ɗaya daga cikin taurarin nan da mu ke kira kaza da 'ya'yanta. Aka ɗauki Baikie ya zama likitan tafiya, mai tattara labarin halitta kuma.

Shugaban tafiyar shi ne John Beecroft, wakilin Ingila a tsibirin Fanando Po, tsohon hannu a kogin. Da jirgin ya iso tsibirin a 1854, sai aka tarar Beecroft ya rasu. Wani a matsayin Baikie da ya ce a juya. Bai taɓa taka ƙasar ba, shekarunsa ba su cika 30 ba. Amma ruwan damina yana tashi, in an yi jinkiri sai baɗi. Sai ya karɓi shugabanci.

Kwana 118

Cikin watan Yuli na 1854 suka shiga bakin kogin. Turawa 12 ne, 'yan Afirka fiye da 50. A cikinsu akwai Samuila Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka kama bawa yana yaro, aka ƙwato shi a teku a 1822, ya zama fasto. Shi ya ga tafiyar 1841 da idonsa, ya ga yadda a ke binne mutane ɗaya bayan ɗaya.

Baikie ya kafa doka bisa ga shawarar Bryson. Kowane Bature sai ya sha kwinin kowace rana, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Wanda ya taɓa ɗanɗana kwinin ya san wannan ba ƙaramar doka ba ce. Yana da ɗaci, yana sa kunne ƙara, mai lafiya kuwa ba ya ganin dalilin wahal da kansa. Aikin likitan shi ne ya tsaya a kai yau, ya tsaya gobe, ba fashi.

Suka wuce Abo da Ida, suka iso mahaɗar ruwa, suka juya gabas cikin Binuwai. Wahalarsu babba itacen wuta ce, gama jirgin da itace ya ke tafiya, kullum sai an sauka an sara. Suka kai ƙasar Muri, Baikie ya hau tudu ya gai da Sarki. Da jirgin ya kāsa ci gaba, ya shiga ƙaramin jirgi ya ƙara gaba, har ya tarar da ƙauyen da ambaliya ta cika, mutane suna yawo cikin ruwa tsakanin ɗakunansu. Sun zarce inda Turawan dā suka tsaya da mil wajen 250. Barth kam ba su same shi ba. Sa'ad da su ke cigiyarsa a Binuwai, shi yana nan yammacinmu, yana komowa daga Tambutu ta Gwandu da Sakkwato, ya nufi Kano.

Cikin watan Nuwamba suka komo teku bayan kwana 118. Waɗansu sun yi zazzaɓi, amma sun tashi. Aka ƙidaya mutane, ba a rasa ko ɗaya ba. Kogin shi ne na dā, sauro shi ne na dā, damina ma ita ce. Abin da ya sāke kaɗai shi ne ɗan garin nan mai ɗaci, da mutumin da ya ƙi a tsallake rana. Baikie ya rubuta littafin tafiyar, aka buga a 1856. Crowther kuwa ya faɗa wa shugabannin C.M.S. lokaci ya yi da za a kafa aikin bishara a bakin Kwara.

Jirgi ya fashe a Jebba

A 1857 Baikie ya komo da wani jirgi mai suna Dayspring, watau ketowar alfijir. Crowther yana ciki. A hanya suka sauke Fasto J. C. Taylor a Onica, inda aka kafa mishan ta fari ta Kwara cikin watan Yuli. Suka kai Raba a ƙasar Nufe, niyyarsu kuwa a nemi hanyar Sakkwato wurin Sarkin Musulmi. Amma cikin watan Oktoba, kusa da babban dutsen nan na Jebba, ruwa ya kwashi jirgin ya buga shi a kan duwatsu, ya fashe. Mutane duka suka tsira, kaya da yawa suka nutse.

Suka yi bukkoki a bakin gaɓa, suka zauna shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Ba su zauna hannu rabbana ba. Crowther ya yi ta koyon Nufanci. Wani hafsa mai suna John Glover ya bi ta ƙasa har Ikko garin neman taimako, yana auna hanya. Baikie ya yi ta tambayar fatake labarin garuruwa da harsuna. Shekaru da yawa bayan haka aka tsamo waɗansu ƙarafan jirgin, aka ajiye su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba.

Lakwaja

Wajen 1860 Baikie ya sami izni daga Masaba, Etsu Nufe na Bida, ya zauna a gindin dutsen Patti, inda koguna biyu suka gamu. Akwai mutanen ƙasa a kewayen tun dā, amma shi ya share fili, ya gina ɗakuna, ya buɗe kasuwa. Mazaunansa na fari yawancinsu bayi ne da aka fansa, da waɗansu 'yantattu daga Saliyo. Shi ne likitansu, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta, ran Lahadi kuma shi ke bi da su cikin sujada. Ya kan sa tufafin ƙasa, ya ci abincin ƙasa. Cikin shekara 3 'yan kasuwa wajen 2,000 suka zo wurin.

Zaman bai yi daɗi ba. Laird, mai aiko da jirage, ya rasu a 1861. Wani lokaci shekara ta kan juya jirgi bai hauro ba, ba wasiƙa, ba kuɗi, ba guzuri. Gwamnatinsa ta so a rufe aikin ya koma gida, shi kuwa ya ga in ya tashi waɗanda suka taru a inuwarsa za su koma hannun masu kamu, sai ya zauna. Mu tuna wane zamani ne wannan. A shekarun nan ne Umaru Nagwamatse ya ke kafa ikonsa a ƙasar da ta zama Kwantagora, harin bayi yana cin ƙauyukan Kambari da Gwari da maƙwabtansu. Kakanninmu sun san abin da ya sa a ke gina gida a kan dutse. Ɗan garin da bawa zai shiga ya kwana da 'yancinsa ba ƙaramin abu ba ne a kwanakin nan.

Zuwa Kano, da aikin Hausa

A 1862 ya hau doki daga Bida, ya bi ta Zariya har Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Yana neman takardun Eduard Vogel, abokin aikin Barth, wanda aka kashe a Wadai a 1856, yana kuma so ya ga hanyar fatake da idonsa. Ko'ina ya sauka yana rubuta sunayen garuruwa da koguna da jerin sarakuna. An ce ya tattara kalmomi daga harsuna kusan 50.

Cikin harsunan nan duka Hausa ya fi ba ƙarfi. Ya lura Bahaushe yana ko'ina, a kasuwar Bida, a Lakwaja, a Ikko, har Gwanja, wanda ya iya Hausa kuwa ba ya rasa abokin magana. Da dare, bayan ya gama da majinyata da masu ƙara, sai ya zauna gaban fitila yana juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki da littafin addu'a zuwa Hausa. A can Ingila kuma Fasto J. F. Schön yana irin wannan aiki, da taimakon wani saurayi Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Turai. Zaburar da Baikie ya juya ba a buga ta ba sai a 1881, shekara 17 bayan mutuwarsa. Hausarta ta baƙo ce, ba ita mu ke karantawa yanzu ba. Amma tana cikin tubalan fari na ginin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala a 1932, sa'ad da Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa.

Ƙarshensa

A 1864 aka aiko wanda zai karɓe shi. Shekara 7 ke nan bai ga gida ba, jikinsa kuwa ya ƙare. Ya tsaya a Saliyo, a gidan wani attajiri, domin ya shirya takardunsa kafin ya wuce. Can ciwo ya kama shi, ya rasu a ƙarshen shekarar, yana da shekara 39. A can aka binne shi. Mutanen Kirkwall suka gina masa abin tunawa cikin babbar majami'arsu. A wannan shekara ɗin ce kuma aka naɗa abokin tafiyarsa Crowther bishop, baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi a Ekklesiyar Ingila. Masana da yawa suna cewa kalmar beke, wadda Ibo su ke kiran Bature da ita har wa yau, daga sunan Baikie ta fito.

Baikie ya mutu bai san dalilin da ya sa maganinsa ya ke aiki ba. Sai a 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya same ta cikin cikin sauro a Indiya. Sa'an nan aka gane ba iskar fadama ba ce, sauron da ke ƙyanƙyashewa a ruwan fadama ne.

Abin da ya biyo ta hanyar

Wajibi ne mu faɗi gaskiya duka. Ƙofar da kwinin ya buɗe ba masu bishara kaɗai suka shigo ta cikinta ba. 'Yan kasuwa sun shigo da barasa da bindiga. Glover ɗin nan na Jebba shi ne ya tara rundunar Hausawa a Ikko a 1863, tushen sojan Nijeriya. A Lakwaja ɗin da Baikie ya share, ran 1 ga Janairu 1900, Lugard ya ta da tutar Ingila. Bida da Kwantagora suka fāɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903. Magani ɗaya ne ya tsare ran mai wa'azi da ran mai igwa. Ilimi kyautar Allah ne, amma abin da mutum ya yi da shi, shi zai ba da lissafi.

Ta hanyan nan kuma namu rabo ya zo. A 1905 A. W. Banfield ya kafa aikin U.M.S. a Tsonga, a bakin Kwara. Daga nan aka buɗe Jebba, inda jirgin ya fashe, aka yi ta haurowa arewa ta Salka, har aka iso Zuru a 1925.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ya dame mu. Kwinin na jirgin nan domin Turawa aka tanada shi. 'Ya'yan mutanen bakin kogi sun ci gaba da mutuwa kowace damina kamar dā, ba mai ƙidaya su. Har yanzu cutar ba ta sake mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 608,000 zazzaɓin cizon sauro ya kashe a 2022, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya, yawancinsu yara ƙanana. Amma mu muna da abin da Baikie bai samu ba. Mun san mai kawo cutar. Muna da gidan sauro mai magani, da gwajin jini na 'yan mintoci, da sababbin magunguna waɗanda suka gāji kwinin. Cikin watan Disamba 2024 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin cutar a Nijeriya, jiharmu ta Kebbi kuwa tana cikin biyun da aka fara da su.

Ya 'yan'uwa, ku tuna da Na'aman cikin 2 Sarakuna sura 5. Ya zo da shirin yin babban abu, ya husata da aka ba shi ƙarami, warkarwa kuwa tana cikin ƙaramin, sai da ya cika shi sau bakwai. Akwai masu koya wa mutane cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Littafi bai koyar da haka ba. Luka likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa. Allah ne ya warkar da Sarki Hezekiya, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Wanda ya halicci itacen Peru shi ne mai jin addu'armu.

Saboda haka uba ya rataya gidan sauro, ya kuma tabbata yara ne ke kwana ciki, ba a kewaye lambu da shi ba. Uwa ta ba yaro maganin har ya ƙare, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Mai ciki ta je awo. A kai jariri rigakafi har a cika adadin alluran. Dattawan ekklesiya su san gidan da yaro ya ke kwance, su kai addu'a, su kai kuɗin abin hawa zuwa asibiti kuma. Baikie bai ƙago kwinin ba, aminci ya yi da shi kowace safiya har kwana 118. Ubangiji ya same mu da aminci cikin ƙanƙanen abin da ya sa a hannunmu. Amin.